Shuɗiyar Inhelar da ta Kai Ni Kwatano

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo yi wa Yaya sannu, kafin ta fita sai ta ja ni gefe: "To Talatu, yaya Kwatano? Da gaske mata ke tuƙa babur?" Matan Islamiyya sun tambaya, matan layinmu sun tambaya, har mai kawo mana kifi ta tambaya. Ni kuwa bakina ya yi nauyi, don ta duk inda na ɗauko labarin sai ya kai ni inda ba na so. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya ta karanta, wadda ba ta iya ba a karanta mata.

Kun san ni, ba mai fita ba ce. A Agege aka haife ni, nan aka yi mini aure, nan na haihu. Kano garin kakanmu a bakin mutane kawai nake jin sa. Mafi nisan da na taɓa yi Ikorodu ne, shi ma suna ne ya kai ni, na dawo da ciwon kai na kwana biyu. To ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ƙasar wasu ba. Numfashin Yaya Ladidi ne.

Yaya Ladidi uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ta goye ni da mahaifiyarmu ta rasu. Shekara da shekaru tana suyar waina a bakin titi, hayaƙin itace ya bar mata asma. In ta tashi, daga ɗakina nake jin ƙirjinta yana fito. Abin da ke kwantar da ita inhela ce, ɗan abin nan da ake sa wa a baki a danna a shaƙa. Tata shuɗiya ce, ta wani babban kamfanin Turai, ita likita ya fara rubuta mata, ita take saye tun lokacin. A lalitarta take kwana. Ko ni ba ta yarda in riƙe.

Sai irinta ta ɓace a Legas. Kemis ɗin layinmu ya ce ba ta shigowa, inda aka same ta kuma kuɗinta ba na mai waina ba ne. Ya miƙo wata fara, ta Indiya, ya ce magani ɗaya ne a ciki, suna ne kawai ya bambanta. Yaya ta danna sau ɗaya, ta tofar.

"Wannan turaren ɗaki ne ko magani? Tawa in na danna sai na ji sanyi ya daki maƙogwarona. Wannan kuwa lumui, ga wani ɗanɗano. Ka riƙe abarka."

'Yarta Sa'a, wadda ke aiki a Ikorodu tana zuwa gida ran Asabar, ta sayo farar duk da haka, ta ɗora a kan kwaba. Sun yi faɗa a kai har Yaya ta ce mata, "Ke bokon naki bai koya miki bambancin orijina da jabu ba?" Daga nan Sa'a ta daina gardama a kai.

Abin mamaki, shuɗiyar ta ƙarshe ta ƙi ƙarewa. Da, wata biyu ta yi yawa. Wannan ta yi wata bakwai tana fesawa. Yaya ta ce albarka ce irin ta abu na asali, wai ma ta yi laushi ta saba da ita. Ni dai tsoro nake ji, don komai albarka ranar ƙarewa na nan. Da maƙwabciyarmu Iya Muni, Bayarbiyar nan mai sarin atamfa, ta ce a Kwatano akwai ta cike da kanti, sai na ce ta tafi da ni.

Matsalar ita ce suna. Ƙananan rubutun Turancin nan ba na iya su, kwalin an daɗe da yar da shi, wayata kuma 'yar ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar hoto. Yaya da kanta ta kwance lalita ta miƙo mini.

"Tafi da ita ki nuna musu, kar su ba ki wata. Mako biyu ke nan lafiyata ƙalau. Ai yau za ki dawo."

Na ce, "In ta tashi fa?"

"Ba za ta tashi ba. Ke dai ki riƙe mini ita kamar ranki."

Ba mu gaya wa Sa'a ba, don mun san dariya za ta yi mana.

Mun fita bayan sallar asuba, ranar Laraba. Danfo, bas ɗin hayar nan, zuwa Oshodi, wani danfon zuwa Mile 2. A Mile 2 na ga tireloli sun yi layi ba iyaka, hayaƙinsu baƙi ƙirin har yana shiga baki. Na ce a raina gara da Yaya ba ta biyo mu ba. Iya Muni ta fizgi hannuna, ta kira ni da sunan ɗana: "Oya, Iya Basiru, in kika tsaya kallo a nan jakarki ma sai ta tafi Kwatano ba ke."

Motar Seme, garin boda, mu shida aka cusa, ban da direba. Ina shiga na laluba lalita in tabbatar, sai wani dattijo kusa da ni ya hango shuɗin robar. Da Yarabanci ya tambaye ni ko ni ce mai ciwon. Na ba shi labari. Ya sa hannu a aljihun agbadarsa ya fito da fara, irin ta kan kwabarmu sak.

"Shekara biyu da ita nake numfashi, Mama. Ga ni, ban mutu ba."

Wata mata a gaba ta juyo. "Baba, kai Allah ya so ka. Ƙanena ya fesa irinta sau huɗu ba ta yi komai ba."

"A ina ya saya?"

"A cikin mota, wajen masu talla."

"To ai kin faɗi da bakinki. Ba Indiya ce ta cuce shi ba, mota ce."

Aka kwashe da dariya, matar ta ji haushi, ta ce ita dai abu mai araha ba ta yarda da shi a kan rai. Direba ya ce shi ko maganin ciwon kai in ba ja ne ba ya yi masa aiki. Kowa a motar nan likita ne. Ni dai zuciyata tana bayan matar. Abin da yayata ta ce shi ne gaskiyata.

Shingen masu kaki a hanyar Badagiri na fara ƙirgawa na gaji, kaki kala-kala, a tsaya, a leƙa, a wuce. Bayan Agbara taya ta fashe. Ta sauyin ma ba iska. Direba ya ɗauke ta ya hau okada, wato babur ɗin haya, ya tafi neman mai faci, ya bar mu gindin wata bishiyar kwakwa wadda inuwarta ba ta isa rufe akuya ba. A nan muka yi azahar. A nan na san yau ba dawowa. Na kira Yaya, ta ce in daina damunta, tana tsince shinkafar waina. Muryarta garau. Wannan ce magana ta ƙarshe da muka yi kafin layi ya ɗauke.

Boda ba yadda na zata take ba. Na ɗauka katanga zan gani da ƙofa. Kasuwa ce kawai mai zafi: 'yan canji, 'yan dako, masu turo guragu a keke da kaya jibge, kowa na kiran ka da yaren da ya ga ya dace da fuskarka. Iya Muni ta san kowa, har da sunan 'ya'yansu. Wata mai kaki ta buɗe jakata, ta ga ba komai sai sallaya da goro, ta ce me zan je yi. Na fito da inhelar. Ta juya ta a hannu, fuskarta ta sake.

"Uwata ma irin wannan kawai take yarda da ita. In kin samu, Mama, ki tuna da ni."

Ta miƙo mini da hannu biyu. Na ji daɗi, na ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

Ga amsar tambayarku: e, mata na tuƙa babur a Kwatano, da zani da ɗankwali, wata har da goyo. Masu okadarsu rigar rawaya suke sa wa, zemijan ake ce musu. Wanda ya ɗauke ni ya kifa mini hular kwano a kan ɗaurina, na ce ba na so, ya ce in ba hula ba tafiya. Haka na shiga gari kamar tukunya a kan murhu, ina salati. Man fetur a kwalba suke sayarwa a bakin hanya, jere kamar manja. Ba su da hayaniyarmu. Ba wanda ya zagi wani a kan titi har muka isa, abin har ya dame ni.

Mun sauka unguwar Zongo gab da magariba, a gidan Hajiya Fati, mutuniyar Nijar, inda mata 'yan sari ke kwana. Ɗaki ɗaya dogo, tabarmi jere, kowa ta yi matashi da ƙunshin kayanta. Hajiya Fati doguwa ce mai zanen fuska, Hausarta irin ta can.

"Lahiya lau kuka zo? Ke baƙuwa, mi ya kawo ki? Ba ki yi kama da mai sari ba."

Na nuna mata. Ta ce da safe za ta raka ni farmasi da kanta, wato kemis ɗinsu, don can Faransanci ake yi. Ta ce a nan ba a tallan magani a faranti kamar wajenku, in kana so ka je inda koriyar fitila take.

Aka kawo abinci: shinkafa da wake da wani jan yaji, da soyayyen cuku, da burodi dogo kamar taɓarya. Na danna burodin na ji shi ƙam. Na raɗa wa Iya Muni cewa na shekaranjiya aka ba mu. Ashe Hajiya Fati ta ji. Ta yi dariya har da dafa bango.

"'Yar Agege! Ku da kun saba da burodin da ake matsewa ya koma loma ɗaya. Wannan yanzu ya hito daga wuta."

Matan ɗakin suka yi ta yi mini tsiya. Na ci, cikinsa da laushi, ba laifi. Amma abincin bai wuce mini da daɗi ba. Bayan gidan wani ya tayar da janareta, warin ya shigo ta taga, sai na tuna ƙirjin Yaya. Na dafa lalita na ji taurin abin a cikina. A nan ne ya fara zo mini sosai: numfashin yayata yana jikina, ita tana wata ƙasa.

Da safe muka je. Wurin tsaf, sanyi, shiru, ba ciniki. Wata mata mai farar riga da tabarau ta karɓe mu, Hajiya Fati na kiran ta madam tana yi mana tafinta. Na ajiye shuɗiyar a kan kanta na ce irin wannan nake so, ta asali, ba ta Indiya ba. Madam ta gyaɗa kai ta ce akwai. Sai ta ɗauki tamu, ta kama ɗan ƙarfen da ke leƙowa a sama ta zare shi.

Na yi ƙara. "Kar ki ɓalla mana!"

Ashe fita yake yi. Shekara nawa ina ganin abin nan ban san biyu ba ne: robar waje, da ɗan gwangwani a ciki. Madam ta ɗaga gwangwanin ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau, ta yi magana. Hajiya Fati ta juya mini.

"Ta ce maganin cikin gwangwani yake, roba riga ce kawai. Ta ce rigar ta Turai ce, amma gwangwanin ga na Indiya ne. Sabo ne ma, bai daɗe da hitowa ba."

Na ce ƙarya ne. Madam ba ta yi musu ba. Ta ɗauko fara daga kanta, ta zare nata gwangwanin ta jera da namu. Ban iya karatun ba, amma ina da ido. Rubutu ɗaya, layi ɗaya, kala ɗaya.

Na nemi kujera na zauna. Wata bakwai. Sa'a da zuwan Asabar, Sa'a da ta daina gardama, Sa'a da ke cewa "Umma, shiga wanka in gyara miki ɗaki." Albarkar da muke ta faɗa, ashe 'yar nan ce ke canza gwangwani. Abin da Yaya ke zagi shi ke riƙe da ita tun watannin nan. Ni kuma na ɗauko rigar da take yarda da ita na ƙetare boda, na bar ta da farar da ta rantse ba za ta sake sa wa a baki ba.

Madam ta ci gaba, Hajiya Fati na juyawa: wai sinadarin ɗaya ne, aikin ɗaya, sai dai ƙarfin fesawa da ɗanɗano kan bambanta, shi ke sa mutane su ce ba ɗaya ba ne. Wai canza gwangwani ba abin yi ba ne, ba kowanne ke zama daidai a rigar wani ba. Wai mai fesawa kullum likita ya kamata ya gani, akwai wani maganin na hana tashi. Ina ji kamar daga cikin rijiya. Na ce a ba ni biyu na asalin, na ce Hajiya ta ara mini waya.

Lambar Sa'a a kaina take, don kullum ina jin Yaya na karanta wa masu sa kati. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Sa'a, ni ce Innarki."

"Inna! Kina ina? Ina shuɗiyar Umma? Mun birkice ɗakin nan kaf!"

Tana kuka tana faɗa mini. Jiya bayan la'asar aka ɗauke wuta, sabon ɗan hayan bayanmu ya tayar da janareta a gindin tagar Yaya. Asmar ta tashi. Maƙwabta suka sauko da farar daga kan kwaba, suka sa mata a baki, ta datse haƙora ta ture. Tana nuna ƙofa da hannu, tana kiran sunana da abin da ya rage mata na iska. Sai da ta faɗi aka sa ta a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. An sa mata abin numfashi a hanci, ba ta san wanda ke kanta ba.

"Me ya sa ba ku gaya mini ba, Inna?"

Na ce, "Ke me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Na miƙa wa Hajiya Fati wayarta.

Hanyar dawowa ba ni da abin ba ku a kai. Iya Muni ta bar rabin sarinta ta biyo ni, Allah ya saka mata. Ban ga boda ba, ban ga Badagiri ba. A cunkoson Mile 2 na sauka daga mota na fara tafiya da ƙafa ina kuka, sai da ta riƙo ni ta ce in na faɗi a nan wa zai kai maganin.

Kwana shida Yaya ta yi a asibiti. A na uku ta buɗe ido sosai, ta gan ni, ta ce da wata 'yar siririyar murya, "Kin samo?" Na ce na samo. Ran da aka sallame mu, muna isa gida ƙirjinta ya ɗan fara fito saboda hawan keke. Na ɓare kwalin Kwatano a gabanta, na miƙa mata sabuwa fil, shuɗiya shar, ta kamfanin da take so. Ta girgiza, ta danna, ta shaƙa. Ta yamutsa fuska, ta yi tari.

"Wannan ta cika duka. Sanyi kamar ƙanƙara, ba ɗanɗanon komai. An cuce ki, Talatu."

"Yaya, a farmasi na saya, a gaban..."

"Jabu ce. Ba laifinki ba ne, ba ki saba fita ba, sun ga baƙuwa. Ina tawa?"

Na dubi Sa'a. Sa'a na duban ƙasa. Na kwance lalita na ba ta tsohuwar. Ta danna, ta rufe ido, ta riƙe numfashi, ta sake shi a hankali.

"Kin ji magani. Abu na asali ko ya tsufa ba a haɗa shi da na banza."

Ta shafa kaina kamar lokacin da nake yarinya, wai ta ba ni haƙuri a kan wahalar da na sha a banza.

Yanzu Yaya ba ta suya. Daga ɗaki zuwa bakin famfo sai ta huta sau biyu, tandar waina na kife a bayan ƙofa. Likita ya ƙara mata wata inhela mai ruwan ƙasa ta safe da yamma, wannan ta karɓa ba musu, don ba ta da wata tsohuwa da za ta gwada ta da ita. Sa'a ta gaya masa abin da muke yi da shuɗiyar. Ya ce mu daina, mu zaunar da ita mu faɗa mata gaskiya a hankali. Sau biyu na shiga ɗakinta da niyyar haka, in ga yadda take jan iska, in fito da maganar cefane. Ina tsoron ran da ta sani ta ƙi su duka.

Don haka ina roƙonku, ku da kuke shigowa gaishe ta, ku bar wannan magana a bakin ƙofa. Sa'a ta koya mini zare gwangwani in saka na farar, tunda ita sai Asabar. Jiya na yi na farko, Yaya na wanka. Da na juya robar sai na ga ta tsage a gefen baki, siririn layi kamar gashi. Na yi tunanin musanya ta da rigar Kwatano, amma Yaya ta san tata, har gurbin haƙorinta yana jiki. Na samo baƙin zare na naɗe wurin sau bakwai, na mayar cikin lalitar kafin ta fito.